Yadda Muka Kai Fiyano Ƙofar Ɗakin Hajiya Kulu

Tun da na dawo daga Ƙonni ban huta ba. In na je barka tambaya, in na je gaisuwa tambaya, waya kuwa har na fara kifa ta in zan ci abinci. "Saratu, yaya Nijar? Da gaske Inna Dije ta yi waƙa? Da gaske an kore ku?" Wasu don Allah suke tambaya, wasu kuma so suke su ji an yi mana dariya su samu na kaiwa gaba. Na kuma lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya isa Bakura. Don haka ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta da idonsa ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Saratu mai fiyano ta Talata Mafara. Inna Dije kuwa zabiya ce, a Bakura take, a wurinta na koyi amshi tun ina budurwa, lokacin da in ta zauna gaban ƙwarya mata har katanga suke hawa. Yanzu 'yan amshinta sun watse, wasu aure ya kai su nesa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, hannunta kuma ya fara rawa, ba ta iya riƙe makaɗi. Shi ya sa na sayi fiyano, ɗan siriri mara nauyi da mace za ta iya rungumarsa ta hau babur. An yi mini surutu har na gaji da ji. Wai na bar kiɗan iyaye na ɗauko akwatin 'yan fim. Ko a jikina.

Bara aka gayyaci Inna wani biki a Maradun. Da ta zo inda waƙa ke hawa sama, sai muryarta ta karye. Wasu 'yan mata suka tuntsire da dariya, suka ɗauke ta a waya, abin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Tun ranar ɗanta Lawali, mai sayar da hatsi a kasuwar Bakura, ya ce ta gama waƙa a bainar jama'a.

Sai ga saƙo daga Ƙonni. Yayar Inna, Hajiya Kulu, wadda aka kai can aure tun ba a haife ni ba, za ta aurar da jikarta Hadiza. Hajiya Kulu ta daɗe a kwance, ƙafafu sun ƙi, magana ma sai jefi-jefi. Abu ɗaya ta roƙa: Dije ta zo ta yi wa yarinyar waƙar da uwarsu take yi in za a fitar da 'yar gidansu. Ba wanda ya rage a duniya da ya iya waƙar nan sai su biyu.

Ina zaune Lawali ya shigo ya durƙusa.

"Inna, ki tahi biki, ban hana ba. Amma waƙa kam a'a. Abin da anka yi muna Maradun ya isa."

"Kai anka yi ma dariya ko ni?" in ji Inna.

Sai ya juyo kaina. "Ke kuma Saratu, in kin ɗauki akwatin ga naki, duk abin da ya hwaru ke ad da alhaki."

Na ce, "Yaya Lawali, akwatin nawa na, kuma ba bisa kanka zan aza shi ba."

Ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Inna ta ce in je in haɗa kayana.

Ranar tafiya na fito Mafara da sassafe, don kowa ya san halin hanyoyinmu, ba a wasa da yamma. Maigidana tela ne, shi ya ɗinka wa fiyanon riga da tsohon bargo ya lulluɓe da ragowar atamfa. Na hau kabu-kabu na gicciye shi bisa cinya, ya fi babur ɗin faɗi ta kowane gefe. Ɗan kabu-kabun bai daina mita ba har Bakura. Duk wanda za mu wuce sai ya yi masa ihu ya kauce, amma duk da haka sai da muka shafi kayan karan wani mai jaki, ya bi mu da maganar da ba zan rubuta ba.

A tashar Bakura direba ya ce a sa shi a but, ƙarƙashin buhun shinkafa, kusa da wani rago da aka ɗaure. Na ce ko kusa. Ya ce to ba ya shiga. Na ce sai dai motar ta kwana nan. Inna ta shiga ta zauna ta miƙo hannu, na miƙa mata kan fiyanon, muka shimfiɗe shi bisa cinyoyin duk wanda ke layinmu. Wani dattijo mai farin rawani da ke bakin taga ya duba abin da aka aza masa ya ce, "Allah shi kyauta." Bayan mun wuce Tureta barci ya ɗauke shi, gwiwar hannunsa ta danne maɓallin kunnawa ta cikin bargon, ta kuma danne wanda ke sa fiyano ya yi kiɗa da kansa. Na manta ban cire batir ba. Sai ga wani kiɗan Turawa ya ɓarke a motar, daidai muna tsayawa gaban shingen masu duba ababen hawa. Dattijon ya zabura yana salati, ragon ya amsa daga but, ni kuma ina laluben zif na kasa samu. Mai kakin ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa dattijon, "Baba, kai ne makaɗin?" Har muka shiga Sakkwato bawan Allah nan bai ƙara kallon inda nake ba.

A Sakkwato muka ci shinkafa da wake a tasha, muka canza mota zuwa Illela. Wannan karon na cire batir ɗin na ƙulle a bakin zani. Motar ta yi ta tari tun Kware, muna wuce Gwadabawa ta tsaya cak tana hayaƙi. Muka zauna gindin wata bishiya direba na zuba mata ruwa kamar mai jinya. Nan muka saba da wata Hajiya Balki, mai fataucin albasa, mace mai jiki da murya, wadda tun a mota take gyara wa direba tuƙi. Da muka isa Illela rana ta yi ƙasa, ta ce ba mu ƙetare sai da safe, kuma ba mu kwana a tasha tana da rai.

Gidan Hajiya Balki albasa ce daga zaure har ƙurya. Tabarma albasa, matashi albasa, ruwan randa ma sai da na ji kamar an yanka masa guda. Amma mace ce mai hannu a buɗe. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta dama mana fura mai sanyi, ta hana Inna ko ɗaukar buta.

Bayan magariba na ce Inna mu gwada waƙar uwarsu, don tun abin Maradun ba ta buɗe baki ta yi waƙa ba, ko a ɗaka. Na jona fiyanon a wutar gidan, na saki kiɗa. Ta fara lafiya. Muryar na nan, da kaushinta da zaƙinta. Da ta zo wurin hawan nan, sai ta karye, kamar yadda ta karye a Maradun. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta.

"Lawali ya yi gaskiya," in ji ta. "Gobe in gaida Yaya in ci tuwon biki in koma gida."

Wallahi raina ya ɓaci, ba da ita ba, da duk wanda ya sa tsohuwar nan ta faɗi haka da bakinta. Na ce, "Inna, ba muryarki ta ƙare ba, sauka ta yi. Waƙar ce za ta biyo ki."

Akwai wasu ƙananan maɓallai biyu a gefen hagu na fiyanon, ɗaya na ɗaga kiɗa gaba ɗaya, ɗaya na sauke shi. Yatsuna ba sa canza wuri, inda na saba bugawa nan zan buga, amma sautin ya sauko. Na danna na saukewa na buga mata.

Ta yamutsa fuska. "Ba nan uwarmu ka ɗaukar ta ba."

"Uwarku da muryarta ta yi, Inna. Ke da taki za ki yi."

Ta harare ni, amma ta gwada. Bai isa ba. Na ƙara saukewa, ta sake, na ƙara. Can sai ta haye wurin nan ta sauka ɗaya gefen ba tare da ta ankara ba. Hajiya Balki ta rangaɗa guɗa har kajinta suka firgita. Inna ta ji daɗi, ta juya za ta yi wa mai gida kirari kamar yadda zabiya ke yi, ta dakata tana tambayar sunan ubanta. To nan wata matsalar ta fito. Kiɗan da na saki na cikin fiyano ne, wanda ke tafiya da kansa, shi kuwa bai san an tsaya ba. Ya ci gaba da sukuwarsa ya bar ta a baya.

"Wanga abu naki ba shi da ladabi," in ji Inna. "Mai ƙwarya bakin zabiya take kallo. In na tsaya ta tsaya, in na ja ta ja. Shi ko sai gudu awa an biyo shi."

Gaskiyarta ne. Ko na rage masa sauri, ba zai san lokacin da za ta tsaya gaida wata ba. Na kashe kiɗan nan gaba ɗaya. Na raba fiyanon gida biyu, don yana da wannan dabarar: ɓangaren hagu na sa masa ƙwarya, na dama sarewa. Ƙwaryar ma ba ta kamfani ba ce, tsohuwar ƙwaryar Inna ce na kifa a ruwa na buga na naɗi sautinta a ciki tun da na sayi fiyanon. In na taɓa a hankali ta yi ƙasa-ƙasa, in na doka ta amsa da ƙarfi. Na kafa ido a bakin Inna na bi ta da hannu. Da muka gama na ajiye tsarin a maɓalli guda, yadda ranar biki dannawa ɗaya zai dawo da komai.

Da safe Hajiya Balki ta raka mu har inda ake hawa babur, ta cusa mana albasa a jaka duk da roƙon da na yi mata. A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da mu sosai ba. A ɗaya ɓangaren wani dogo mai duba kaya ya sa na kwance bargon.

"Madam, wanga na saidawa na?"

"Na aiki na."

"Ke ka buga shi?" Ya dube ni sama da ƙasa. "To buga mu gani."

Na mayar da batir na aza shi bisa teburinsa. Na zaɓi kalangu. Akwai wata 'yar taya a gefe da ake murzawa da babban yatsa, tana lanƙwasa sauti kamar yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata. Na buga ina murzawa, kalangu ya yi magana. Wani mahauci da ke hura wutar tsire a tsallaken titi ya ɗaga wuƙarsa sama ya yi kururuwa. Dogon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu wuce. Ya juya ga Inna ya ce, "Sauka lahiya, madam." Inna ta tsaya ta ce masa, "Ni ba madam ba ta, ɗana. Dije sunana." Sai da ya ce "Inna Dije" sannan ta taka.

Ƙonni ba ta da nisa da mu, amma ta isa a ce an je wata ƙasa. Hausarsu irin tamu ce sak, sai dai kana cikin jin daɗinta ka ci karo da Faransanci kamar tsakuwa a shinkafa. Wutar lantarki kuran ce, makaranta lakwal, lambar waya kuwa in za su faɗa maka sai ka nemi tafinta. Burodinsu dogo ne mai tauri, na ce wa Inna wannan ai sai a kori akuya da shi, amma da na tsoma a miya ban ƙara zaginsa ba. Suna kwaɗa zogale da ƙuli su kira shi kwabto, kuma nasu ya fi namu yaji. Shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi suke sha, zagaye bayan zagaye, na farko ɗaci kamar magani. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana na take tsaka sai ka ga masu shaguna sun ja ƙofa sun tafi hutu. A Mafara wa zai rufe shago yana ganin mai saye tsaye?

Mariyama, 'yar Hajiya Kulu kuma uwar amarya, ita ta tarbe mu. Gida ne babba na malamai, mai zaure biyu, dattawa na zaune a na farko. Ɗakin Hajiya Kulu na can ƙarshen tsakar gida. Na bi Inna da jakarta. Tsohuwar na kwance bisa katifa, ta rame har ba ta tada bargo. Inna ta zauna ta kama hannunta.

"Kin zaka," in ji Hajiya Kulu, da ƙyar.

"Na zaka, Yaya."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Na ajiye jakar na fita, don idona ya fara kawo ruwa.

Washegari ne wunin biki. Da hantsi Mariyama ta ja mu gefe tana murza hannu. Ashe hoton Maradun ya riga mu isowa Ƙonni.

"Inna, ba don komi ba, don mutuncinki. Dangin ango sun kahwa rumfa bakin titi, sun ɗauko mai sauti. Ki huta abinki. In kuma kin matsa, sai a ba ki ɗan lokaci kahin mutane su taru."

Kafin mutane su taru! Matar da aka yi wa aike daga wata ƙasa. Na haɗiye abin da ya taso mini na ce bari in ga mai sautin.

Isuhu sunansa, mutum ne mai tumbi da baƙin tabarau, yana tsaye cikin lasifikoki da suka fi ni tsawo. Na yi sallama na fito da wayar fiyanona zan jona, sai na tsaya. Kan wayata mai ƙafa uku ne masu faɗi irin na gida, su kuwa ramukan wutarsu biyu ne zagayayyu. Duk shirin da na yi, wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Na ga abin haɗawa a cikin akwatin kayansa, na roƙe shi aro.

Ya ce, "Madam, kayana ba ni haɗa su da kowane tarkace." Sai ya hango Inna da ta biyo ni tana tsaye bakin zaure. Ya zare tabarau. "A'a! Wagga ba ita ce tsohuwar nan ta cikin waya ba?"

Inna ta ji. Ta juya ta koma cikin gida.

Na naɗe wayata a hankali, don in na yi sauri zan iya maka masa ita. Na ce, "Malam Isuhu, riƙe kayanka. Allah shi ba ka masu saurare."

Batir ɗina sun yi sanyi tun wasan da suka sha a hanya. Na fita neman sababbi na tarar duk an rufe shaguna, na zauna bakin wani ina huci har mai shi ya gama hutunsa ya zo yana miƙa. Su pil suke ce musu. Na saya na dawo.

Bayan la'asar mata suka cika rumfa, an fito da amarya, lasifikokin Isuhu na girgiza katanga. Na shiga na tarar da Inna zaune bakin ƙofar yayarta ta zuba tagumi. Na jawo turmi biyu na kifa, na aza fiyanon a kai, na danna maɓallin da na ajiye tsarin a Illela. Mariyama ta fito daga madafi da ludayi a hannu.

"Saratu, mi za ki yi?"

"Abin da ya kawo mu."

"Nan? Wa zai ji ku cikin wagga hayaniya?"

"Wadda ta aiko muna tana ji."

Lasifikar jikin fiyanon ƙarama ce, ba ta wuce tafin hannu ba. Ban damu ba. Na fara taɓa ƙwarya a hankali ina kallon Inna. Ta daɗe ba ta motsa ba, har na fara jin tsoro. Sai ta sauke hannu daga kumatu, ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙe tsaye.

Tsofaffin da ke aikin tuwo su suka fara matsowa, hannu duk gari. Inna ta dubi ta gaba ta tambayi sunan ubanta, na tsaya. Ta ɗauko ta tun daga kakanni ta sauke, na bi ta. Matar ta saki muciya ta shiga rawa. Wata ta fita ta raɗa wa 'yar'uwarta a rumfa, ita ma ta raɗa wa wata. Suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan zauren ya toshe. Da yake sautin kaɗan ne, dole kowa ya matso ya yi shiru, mai surutu a zungure ta. Isuhu ya ƙara wa nasa ƙarfi. Bai hana ƙawayen amarya kamo hannunta su shigo da ita ba.

An ce ya biyo su har zaure yana kira a dawo. Dattawan suka ɗaga kai suka tambaye shi ina za shi. Gidan malamai ne, namiji baligi ba ya wuce zaure na biyu ko ɗan uban wa ne. Duk girman kayansa a titi suka tsaya, nawa kuwa a hammata na shigo da shi. Can wata mata ta ratso ta ce mini, wai in ji mai sauti, in fito da fiyanon ya samu abin haɗawa. Hannuna na kan kiɗa na ce, "Ki ce mai tarkace ta gode." Ba a daɗe ba muka ji titi ya yi tsit.

Aka zaunar da Hadiza bisa tabarma daidai ƙofar kakarta, aka ɗage labule. Inna ta dube ni, na gane lokacin waƙar uwarsu ya yi. Sai na ga wayoyi sun tashi sama ta ko'ina. Na tuna Maradun. Inna ma ta gan su. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku ɗauka da kyau. In kun gama ku aika Maradun."

Ta fara.

"Tashi ki tahi, ɗiyar gidanmu,
Ƙohwa ba ta ruhe bayanki ba."

Ni kaɗai na amsa, "Ba ta ruhe ba," don ba wanda ya san amshin. Ta ci gaba tana matsowa wurin hawan nan, ni ko numfashi na daina yi. Ta ɗauka, muryar ta yi rawa, ta yi kaushi, amma ta riƙe har ta sauke. Guɗa ta tashi. Kafin ta lafa sai muka ji wata 'yar murya daga cikin ɗaki.

"Dije."

Na ɗauke hannu. Tsakar gidan ta yi shiru.

"Na'am, Yaya."

"Kin yi ƙasa da ita."

"Tsuhwa na, Yaya."

Sai Hajiya Kulu ta ce, "To ƙara ƙasa, in kama."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na lalubi ɗan maɓallin nan na danna, na sake dannawa. Inna ta shiga ɗakin ta zauna bakin katifa ta ɗauko waƙar daga farko, can ƙasa, kusan kamar magana. Da ta kai ƙarshen baiti ban amsa ba, na bar wurin. Daga cikin bargo muryar ta fito, siririya, amma kowa ya ji: "Ba ta ruhe ba." Mariyama ta durƙushe inda take da ludayinta. A baiti na gaba duk matan gidan suka amsa tare, har amarya daga cikin lulluɓi.

Masu cewa an kore mu, ga yadda aka kore mu nan.

Ni kaɗai na dawo. Da na haɗa kaya Inna ta ce ba ta tashi ba tukuna. Na ce to in bar mata fiyanon? Ta ce ta yi me da shi, ai yanzu ta san inda muryarta take, kullum da safe za ta zauna bakin katifa su yi abinsu su biyu. Ta ba ni saƙo ga ɗanta, ta ce kar in rage ko kalma.

Hanyar dawowa ba abin faɗi, sai dai direban Illela shi ma ya so sa mini fiyano a but, shi ma ya sha kashi. Ban wuce Mafara ba sai da na sauka Bakura. Na tarar da Lawali a rumfarsa yana auna wa wani gero, mutane zazzaune a benci. Muka gaisa har ƙarshe, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Ƙonni, yana ta leƙen bayana.

Na ce, "Yaya Lawali, Inna ta ce in gaya maka ta yi waƙa gaban yayarta, gaban jama'a, kuma ba ta nemi izininka ba."

Na benci suka sunkuyar da kai. Ya ci gaba da zuba gero a kwano har ya yi tozo yana zubewa ƙasa.

"Na gani a waya," in ji shi. "Yaushe za ta dawo?"

"Ta ce ranar da Hajiya Kulu ta daina amsawa."

Ya ajiye kwanon ya juya fuskarsa wajen buhuna. Na saɓi fiyanona na tafi neman babur.